Kansar Dubura: Mun Ba Akuya Dusa, Mun Rungumi Farin Abinci

'Yan uwa masu karatu, yau zan ɗan jingine labarin soyayya da rikicin kishiyoyi a gefe, in taɓo wata magana wadda Bahaushe ba ya son a yi ta a cikin mutane, domin ta shafi wurin da ko sunansa ba ma iya kamawa sai mun ce gafara dai. Ina nufin dubura, da ciwon dajin da ke kama ta, wanda likitoci ke kira kansar dubura. Na san wani zai yamutsa fuska ya ce wannan wace irin magana ce babu daɗin ji. To ai dama ba don daɗi na kawo ta ba. Masu iya magana sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma duk kunyar da za ta raka mutum kushewa tun yana da sauran ƙarfinsa, ai gara a ajiye ta a yi magana.

Abin da nake son in faɗa guda ɗaya ne. Babban rigakafin wannan cuta yana cikin tukunyar da kakanninmu suka bar mana, wato gero da dawa da wake da ganye, tare da motsa jikin da suka saba. Mu kuma mun wayi gari muna jin kunyar wannan abinci, muna kiransa cimar talaka, mun koma wa farin abinci da maiƙo da zaƙi da zaman kujera, muna ganin mun waye. Cutar da a da ake cewa ta Turawa ce, yau mu da kanmu muke yi mata shimfiɗa.

Bari mu fara da sanin inda abin yake. Idan mutum ya ci abinci, yakan sauka cikin tumbi, daga nan ya shiga ƙaramin hanji inda jiki ke tsotse amfaninsa. Tuƙar da ta rage sai ta wuce babban hanji, mai tsawon kimanin mita 1 da rabi. Ƙarshen wannan babban hanji, wajen santimita 12 zuwa 15 kafin a iso ƙofa, shi ne ma'ajiyar da bayan gida ke taruwa kafin mutum ya ji yana son zagayawa. A nan ne kansar dubura ke tsirowa. Ita da kansar babban hanji 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya sa likitoci ke haɗa su wajen lissafi da wajen maganar rigakafi. Yawanci takan faro ne da wani ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wanda bai wuce ƙwayar wake ba, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, mai shi yana ta harkokinsa bai san da shi ba. Irin wannan tsiro yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama kansa. Ka ga ke nan cuta ce mai ba da dogon wa'adi, mu ne dai ba ma amfani da wa'adin.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar cuta ce. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 kaɗai, mutum fiye da miliyan 1.9 ne aka gano suna da kansar babban hanji da dubura, kuma fiye da 930,000 suka rasu ta dalilinta. Ita ce ta 3 wajen yawa a cikin nau'o'in kansa, ita ce kuma ta 2 wajen kisa, kansar huhu ce kawai ke gabanta. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka kuwa ta ƙiyasta cewa fiye da rabin masu kamuwa da ita a can, abubuwan da suka jawo musu ita abubuwa ne da mutum ke da ikon canzawa, wato cima, ƙiba, rashin motsa jiki, taba da giya.

To ina ruwanmu, tunda can ake magana? Ruwanmu babba ne, domin a Afirka aka fara gano sirrin rigakafin. Akwai wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan mai suna Denis Burkitt, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana aiki a Uganda. Wannan bawan Allah ya lura cewa kansar babban hanji, wadda ta addabi mutanen Ingila da Amurka, da wuya ya ci karo da ita a wurin mutanen karkarar Afirka. Ya riƙa aika takardun tambaya zuwa asibitocin ƙauyuka, har ta kai shi ga auna nauyin bayan gidan mutane da lissafa tsawon lokacin da abinci ke ɗauka kafin ya fita daga jiki. Ya tarar da cewa na mutumin ƙauye mai cin hatsi da wake da ganye ya fi yawa, ya fi laushi, ya kuma fi saurin fita. Na Bature mai cin farin burodi da nama kuwa ɗan kaɗan ne, mai tauri, yana kwana da kwanaki a ciki. A 1971 ya buga sakamakon nazarinsa, inda ya ce bambancin yana ga dusa da harzar da ke cikin abinci, abin da likitoci ke kira faiba. Gaskiya ne a wancan zamani akwai mutanen ƙauye da suka mutu da cutar ba tare da an taɓa gano ta ba, saboda ƙarancin asibiti, wasu kuma ba su yi tsawon ran da za ta riske su ba. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa Burkitt ya hango gaskiya.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wanda aka buga a 2015. Wani likita mai suna Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya ɗauki baƙaƙen fata 20 'yan Amurka, ya kuma ɗauki mutum 20 daga karkarar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu. Dalilin zaɓensu shi ne, a cikin baƙaƙen Amurka ana samun cutar a jikin mutum kusan 65 cikin kowane 100,000, alhali a karkarar Afirka ta Kudu ba ta kai 5 ba. Da aka leƙa hanjinsu tun farko, an samu tsiro a jikin mutum 9 daga cikin Amurkawan, ba a samu ko ɗaya ba a jikin mutanen ƙauyen. Sai aka yi musu musayar abinci na mako 2 kacal. Amurkawa suka koma cin tuwon masara da wake da ganye, mutanen ƙauye suka koma cin nama da soye-soye mai maiƙo. Da aka sake dubawa, alamomin kumburi da saurin hayayyafar ƙwayoyin bangon hanji, waɗanda ake dangantawa da kansa, sun ragu a jikin Amurkawan, sun kuma ƙaru a jikin mutanen ƙauyen. Mako 2 fa, jama'a! To ina ga wanda ya shekara 20 da yin wannan musaya da hannunsa, da kuɗinsa, yana kuma alfahari da ita?

Yadda abin yake aiki ba wani boyayyen ilimi ba ne. Dusar hatsi da ɓawon wake da jijiyar ganye, jikinmu ba ya iya narkar da su, don haka sukan isa babban hanji yadda suke. Da farko suna riƙe ruwa, su sa bayan gida ya yi yawa ya yi laushi, ya fita da wuri, ta yadda dattin da ke cikinsa ba zai daɗe yana gogar bangon dubura ba. Na biyu, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da Allah Ya zuba a cikin hanjinmu, waɗanda wannan harza ce abincinsu. Idan suka ci, sai su fitar da wani sinadari da ake kira butiret, wanda shi ne ke ciyar da bangon hanji, yana kuma kwantar da kumburi. Idan ka hana su cimarsu, ka cika su da kitse da nama, sai masu amfanin su ragu, masu fitar da abubuwan da ke cin bangon hanji su yi yawa. An tattara bincike da dama a 2011, aka ga cewa duk giram 10 na faiba da mutum ya ƙara a cimarsa ta kullum yana rage haɗarin da kimanin kashi 10 cikin 100. Rahoton Asusun Binciken Kansa na Duniya na 2017 kuma ya ce cin giram 90 na hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba a kullum yana rage haɗarin da kashi 17 cikin 100. Abin da suke ba da shawara shi ne babban mutum ya samu faiba giram 30 a rana.

Yanzu mu dawo gida mu dubi kanmu. Me kakanninmu ke ci? Da safe kunu ko koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo. Da rana fura da nono, ko ɗanwake, ko dambu da zogale, ko fate mai cike da yakuwa da alayyahu, ko rama da ƙuli. Da dare tuwon dawa ko na gero ko na masara, da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe da kabewa. Abin taunawar yara kuwa gyaɗa ne da gurjiya da aya da goruba da kanya da magarya da ɗinya. Nama sai jefi-jefi, ranar kasuwa ko suna ko sallah. Ka duba wannan jeri da kyau, za ka ga kusan duk abin da manyan likitocin duniya ke roƙon mutanensu su koma ci, yana ciki. Har nonon da ake dama fura da shi, bincike ya nuna cewa madara da dangoginta suna daga cikin abubuwan da ke rage haɗarin wannan cuta, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsu.

Yau kuma fa? Da safe farin burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari. Da rana farar shinkafa da mai da yaji, ko taliya. Da dare taliyar leda da soyayyen ƙwai a teburin mai shayi, a kora da lemon kwalba. Tuwon ma idan za a yi, sai an surfe hatsin an sake surfewa, an wanke an tankaɗe har sai ya yi fari fat, domin kada a ce uwargida ba ta iya tuwo ba. Dusar kuma a kwashe a kai wa akuya. Wato maganin muke zuba wa dabba, mu kuma mu ci abin da ya rage. Shi ya sa akuyar gidanku ba ta taɓa kukan cikinta ya ɗaure ba, amma maigida sai ya yi kwana uku bai zagaya ba, yana ta neman jiƙo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ba tsada ce kaɗai ta raba mu da cimarmu ba, raini ne. Mun mayar da abinci ma'aunin arziki. A littattafanmu na hikaya da finafinanmu, idan ana son a nuna gidan attajiri, sai a jera soyayyen dankalin Turawa da ƙwai da farfesun kayan ciki da naman gwangwani da kwalaben lemo a kan tebur. Idan kuma ana son a nuna yarinya tana cikin ukubar kishiyar uwa, sai a miƙo mata tuwon dawa da miyar kuka. Yarinyar da ta tashi tana karanta wannan, me kake tsammani za ta dafa wa mijinta ranar da ta tare? Baƙo ya zo gidanka ka kawo masa dambun zogale, sai ya fita yana cewa wane ya karye. Ka kawo masa soyayyen nama da lemo mai sanyi, sai ya ce an karrama shi. Haba jama'a! Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai maganar nama, wadda na san a nan ne za mu ɓata da wasu. A watan Oktoban 2015, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta tara masana 22 daga ƙasashe 10, suka duba bincike fiye da 800. Hukuncin da suka yanke shi ne, naman da aka sarrafa domin ya daɗe, ta hanyar zuba masa gishiri ko sinadari ko banda shi da hayaƙi, yana jawo kansar babban hanji da dubura, babu tantama. Suka ce cin giram 50 na irin wannan nama a kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Jan nama kuwa, wato na sa da rago da akuya, suka ce akwai kyakkyawan zaton shi ma yana jawowa idan aka yawaita. A cikin misalan naman da aka sarrafa sun ambaci sosej da naman gwangwani da busasshen naman Afirka ta Kudu da ake kira biltong, wanda idan ka gan shi za ka ce ɗan uwan kilishinmu ne. Ban da wannan, duk naman da aka gasa a kan wuta kai tsaye har ya yi baƙi, ƙonewar da hayaƙin kitsen da ke ɗiga a garwashi suna haifar da wasu sinadarai da aka san suna lalata ƙwayoyin jiki.

Kafin mahauta da masu tukuba su yi min ca, bari in yi adalci. Kashi 18 ɗin nan ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake da shi tun asali, ba wai mutum 18 cikin 100 na masu cin kilishi za su kamu ba. Kuma duk da an sa naman da aka sarrafa a rukuni ɗaya da taba, ma'anar ita ce hujjar da ke kansu ta yi ƙarfi iri ɗaya, amma ɓarnar taba ta ninka tasa nesa ba kusa ba. Babu wanda ya ce a daina cin nama, domin yana gina jiki yana ƙara jini, musamman ga yara da mata masu ciki. Maganar ita ce ƙima. Shawarar masana ita ce kada jan naman da mutum zai ci a mako ya wuce giram 350 zuwa 500 bayan an dafa, wato rabin kilo shi ne iyaka. Talakan da sai ya yi wata bai ga tsoka a miyarsa ba, wannan gargaɗi bai shafe shi ba. Wanda ya shafa shi ne Alhajin da ba ya iya barci sai ya tsaya wurin mai balangu ko tsire kowane dare, da Hajiyar da ke ajiye soyayyen naman layya a cikin kitse tana ɗiba safe da yamma har wata biyu. A rage, a cire wurin da ya ƙone, a haɗa da albasa da kabeji da tumatir da yawa, wani lokaci kuma a musanya da kifi ko kaza ko wake.

Abu na gaba shi ne zama. Kakanmu yana tafiya gona da ƙafa, ya yi noma, ya dawo da ƙafa. Kakarmu tana surfe, tana daka, tana niƙa, tana jan guga a rijiya. Yau inji ya ɗauke mana wannan duka, kuma mun gode wa Allah da sauƙin, amma jikin da aka halitta domin motsi ba mu ba shi madadin komai ba. Ɗan kasuwa zai zauna a shago daga ƙarfe 9 na safe har magariba. Saurayi zai hau babur zuwa masallacin da ke bayan layinsu. Uwargida za ta wuni a kan kujera, waya a hannu, fim a gaba, 'yar aiki na kai da kawowa. Motsa jiki yana sa hanji ya yi aikinsa da sauri, yana rage kitse, yana daidaita sukarin jini, kuma duk waɗannan suna da hannu a maganar kansar hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a kwana biyar. Tafiya ce kawai da ɗan sauri har ka ji gumi ya tsatso. Matar da ba ta fita ma tana iya zagaya tsakar gida, ta yi shararta, ta karɓi taɓarya ta yi daka da kanta. Wannan ba ya buƙatar ko sisi.

Ga kuma tumbi, wanda muka ɗauka shaidar kwanciyar hankali. Mutum ya fara ajiye teɓa sai a ce kuɗi sun zauna. Amarya ta yi wata uku ba ta yi ƙiba ba sai dangi su fara tambaya ko miji ba ya ciyar da ita, har ta kai wasu 'yan mata na shan ƙwayoyin sha-ka-fashe domin su cika ido. Alhali kitsen da ke taruwa a ciki yana daga cikin tabbatattun abubuwan da ke ƙara haɗarin kansar hanji, haka ma ciwon sukari da ke biyo bayansa. Lemon kwalba da ake sha kamar ruwa, ta wannan ƙofa yake shigowa. Taba sigari ita ma tana ciki, domin gubarta ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, jini yana kai ta har hanji, kuma shishar da samari da 'yan mata suka ɗauka ado, ita ma taba ce aka sa mata ƙamshi. Giya kuwa, ban da haramcinta a wurin Musulmi, likitoci sun tabbatar tana jawo wannan cuta, kuma gwargwadon shan mutum gwargwadon haɗarinsa.

Wani zai ce, ai ga wane can bai taɓa shan taba ba, tuwo yake ci, amma cutar ta kama shi. Haka ne. Rigakafi yana rage haɗari ne, ba ya rufe ƙofa ruf. Akwai gado, akwai shekaru, akwai kuma abin da Allah Ya ƙaddara. Ga Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, mutum mai ƙirar ƙarfi, an gano yana da kansar babban hanji a 2016, ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ma ya nuna cewa wanda aka haifa wajen 1990 ya ninka wanda aka haifa wajen 1950 sau 4 wajen haɗarin kamuwa da kansar dubura. Saboda yadda take sauka kan matasa ne ya sa a 2021 aka rage shekarun fara gwaji a can daga 50 zuwa 45. Don haka gyara cima rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sa ido, kuma a nan ne muke da babbar matsala mai suna basir.

A ƙasar Hausa, duk abin da ya faru daga cibiya zuwa ƙasa, basir ne. Jini ya fito, basir. Ciki ya ɗaure, basir. Mutum ya rame, basir ne ke cin sa. Ka shiga kowace tasha ko kasuwa za ka tarar da mota da lasifika a kanta, mai magani yana lissafa alamomi, yana rantsuwa cewa ƙulli ɗaya zai wanke maka ciki tas. Abin tsoron shi ne, alamomin da yake lissafawa su ne dai alamomin kansar dubura. Gaskiya ne mafi yawan masu ganin jini basir ɗin ne ke damunsu, amma babu mai iya rarrabewa daga bakin lasifika. Mutum zai yi shekara yana shan jiƙo da sassaƙe, ya bar wannan mai magani ya koma wancan, yana jin kunyar ya tuɓe a gaban likita, cutar kuwa tana ta cin ƙasa. Likitocin fiɗa a asibitocin koyarwa na Nijeriya sun daɗe suna rubuta cewa mafi yawan masu wannan cuta ba sa zuwa sai ta kai mataki na 3 ko na 4, kuma da yawansu ba su tsufa ba, magidanta ne masu ƙananan yara. A Amurka, idan aka gano ta tun tana wuri ɗaya, kusan mutum 9 cikin 10 suna wuce shekara 5 a raye. Idan kuwa ta riga ta bazu zuwa hanta ko huhu, ba sa kai 2 cikin 10. Wanda ya makara, ko an samu an yi aiki, sau da yawa sai an rufe hanyar asali an buɗe masa wata a gefen ciki, ya riƙa yin bayan gida a cikin jaka. Ga kuɗin magani da ke cinye gona da gida. Wanda ya ji kunyar minti 5 a ɗakin likita, ga abin da kunyar ta saya masa.

Saboda haka, ɗan uwa, 'yar uwa, riƙe waɗannan alamomi. Jini a bayan gida, ja ne ko baƙi, ko majina mai haɗe da jini. Canjin yanayin fita, wato gudawa ko ɗaurewar ciki da ta wuce 'yan makonni ba dalili. Bayan gida ya koma siriri. Ka zagaya ka dawo amma kana jin kamar da saura. Rama babu dalili, ƙarancin jini, yawan gajiya, ko ciwon mara da ya ƙi tafiya. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, musamman idan ya haura shekara 40, ya tafi asibiti ya faɗa wa likita gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Sau da yawa da ɗan yatsa kawai likita ke iya taɓo tsiron da ke kusa da ƙofa. Akwai gwajin bayan gida da ke gano jinin da ido ba ya gani. Akwai kuma leƙen hanji da wata siririyar na'ura mai kyamara, wanda ake kira kolonoskofi, inda idan aka ga tsiro ana iya cire shi nan take tun bai zama kansa ba. Idan ƙaramin asibiti ba su da kayan aiki, ka nemi su tura ka babba, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mace tana da damar ta nemi likita mace ta duba ta. Wanda kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya taɓa yin cutar, haɗarinsa ya kusa ninki biyu, don haka ana so ya fara gwaji tun yana shekara 40, ko kuma shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa. Wannan ya sa ɓoye sunan cutar da ta kashe uba, a ce wai gajeriyar rashin lafiya ce, zalunci ne ga 'ya'yansa.

Uwargida, ke ce mai riƙe da ludayi, don haka kaso mafi tsoka na wannan aiki yana hannunki. Ki sassauta surfe, ki bar wa tuwo ɗan duhunsa. Idan za ki dafa shinkafa ki haɗa ta da wake, ki yanka ganye a kai. Ki dawo da dambu da fate da ɗanwake da alale da kwaɗon zogale cikin jerin girkin mako, ki yi su da tsafta da ƙawa yadda yara za su so su. Ki sa musu goba ko gwanda ko dabino ko gyaɗa a jakar makaranta a madadin biskit da alewa. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi sun fi lemon kwalba, in dai ba a cika musu sukari ba. Maigida, kai kuma idan ka tashi cefane, kuɗin tsiren dare ɗaya zai sayi zogale da kabewa da alayyahun kwana biyu. Ka daina yi wa matarka gorin tuwon dawa, ka ajiye mukullin babur ka taka zuwa masallaci da kasuwa. 'Yan uwana marubuta da masu shirya fim, a riƙa nuna attajiri yana shan fura, a nuna gimbiyar labari tana cin dambu tana santi, domin abin da yara suka gani a wurin taurarinsu shi suke kwaikwayo.

Turawa sun kashe maƙudan kuɗi da shekaru suna bincike, ƙarshe suka dawo suna sayen dusa a cikin kwali da tsada, suna barbaɗawa a abinci. Mu da muke da ita a bakin turmi kyauta, bai kamata sai cuta ta cika mana asibitoci sannan mu gane darajarta ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu da zuriyarmu, Ya sa mu dace. Wassalam.